Daga Kano Zuwa Jidda: Masafa Ɗaya, Sa'o'i Iri-Iri

Duk wanda ya taɓa leƙa sansanin alhazai na Kano a watan Zulƙida, lokacin da aka soma jigilar maniyyata, ya san cewa in an ɗauke tambayar ranar tashi, babu wadda ta fi yawo a bakunan jama'a kamar ta tsawon tafiyar. Dattijo yana zaune bisa jakarsa, carbi a hannu, sai ya dubi ɗan rakiyarsa ya ce, "Shin wai awa nawa ake yi a sama?" Kafin yaron ya buɗe baki, wani da ya sauke farali tun da jimawa ya ce huɗu ne da rabi, wani da ya je a shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan ya rantse cewa su sun kusa bakwai, ɗan kasuwa kuma mai yawan zuwa Umra ya yi murmushi ya ce shi yini guda cur yake ɓatarwa kafin ya ga Jidda.

Babu maƙaryaci a cikinsu. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano bai gusa daga inda yake ba, na Sarki Abdul'aziz da ke arewacin Jidda ma yana nan inda aka buɗe shi a 1981, amma sa'o'in da ke tsakaninsu suna miƙewa suna takurewa bisa dalilai waɗanda wasunsu na iska ne, wasunsu na hisabi, mafi yawansu kuwa na halin 'yan Adam.

Abin da hisabi ya bayar

Masafar da ke tsakanin filayen biyu, in an bi hanya mafi gajarta, ta kai kimanin kilomita 3,400. Matuƙan jirgi ba su cika ƙirgawa da kilomita ba, sun fi amfani da mil na teku, wanda kowane ɗaya yake daidai da mita 1,852, don haka a takardunsu tafiyar ba ta wuce mil 1,850 da 'yan kai ba.

Wanda zai sauka Madina daga Kano zai ƙara kamar kilomita 150 a kan wannan. Mutumin Maiduguri yana da sauƙi, domin tsakaninsa da Jidda bai cika 3,000 ba. Na Sakkwato yana da kimanin 3,700. Na Ikko kuwa sai ya haura 4,000. Saboda haka tun kafin a yi zancen iska ko yaƙi, alhazan ƙasa ɗaya ba tafiya ɗaya suke yi ba, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa kuɗin kujera yakan bambanta tsakanin shiyyar Borno da sauran Arewa da Kudu.

Amma ta yaya aka auna tazarar da babu mai iya ja mata igiya? Asalin al'amarin shi ne duniya a mulmule take, kewayenta kimanin kilomita 40,000, kuma masana sun raba wannan kewaye zuwa daraja 360, kowace daraja tana ɗaukar wajen kilomita 111. Kano tana daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, Jidda tana kusan 22; ta fuskar gabas kuwa akwai kimanin daraja 30 da rabi a tsakaninsu. In aka haɗa waɗannan bisa ƙa'idar hisabin abu mulmulalle, sai a sami kusurwar da ta kusa daraja 31, a riɓanya ta da 111, amsa ta fito.

Mai son ya gani da idonsa sai ya kifa ƙwarya, ya ɗiga alama biyu a bayanta, ya ja zare tsakaninsu har ya yi tsam: inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi kusa, kuma in aka zana ta a shimfiɗaɗɗiyar taswira ta bango, sai a ga ta ɗan lanƙwasa, alhali a haƙiƙa ita ce miƙaƙƙiya.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a zauren malamai, sai dai sunansa ne ya sauya. Tun zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 830, aka aika masana falaki zuwa sararin Sinjar su auna tsawon daraja ɗaya a doron ƙasa. Bayansu da ƙarni biyu Al-Biruni ya zauna ya tsara yadda za a fitar da alƙiblar birnin Gazna ta hanyar sanin matsayinsa da na Makka. Daga cikin abin da ya tura su ga wannan wahala akwai buƙatar masallaci ya fuskanci Ka'aba daidai, kuma hisabin da suka yi shi ne dai wanda na'urar jirgi take yi a yau cikin ƙiftawar ido. Alƙiblar Kano tana wajen daraja 68 in an ƙirgo daga arewa zuwa gabas, watau gabas mai karkata arewa, kuma jirgin da zai nufi Jidda kai tsaye kusan can yake sa hancinsa. Da wannan ƙa'ida ce Musulmin birnin New York na Amurka suke fuskantar arewa maso gabas, abin da yakan ɗaure wa baƙo kai in ya dubi taswira.

Ƙasashen da ke ƙarƙashin fiffike

In aka bi zaren nan daga Kano, zai ratsa Jigawa da Yobe, ya shafi kusurwar Nijar ta wajen Diffa kusa da Tafkin Chadi, ya keta Chadi har duwatsun Ennedi, ya faɗa hamadar arewacin Sudan, ya ƙetare Kogin Nilu a yankin Dongola, sannan ya fita Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Kusan rabin tafiyar a saman Sudan ake yin sa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a nan ne galibin rigimar sa'o'i take.

Hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa tana kudu da wannan layi kaɗan, saboda su rijiya suke bi, ba hisabi ba: Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, Abeche, Adre, Janaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, har Sawakin a bakin teku, inda ake shiga jirgin ruwa a tsallaka. Mutum yakan bar gida da iyalinsa da jakinsa, ya yi noma a wannan zango, ya yi ɗinki ko wanzanci ko tsibbu a wancan, ya tara guzurin gaba, har tafiyar ta ci shekaru. Shi ya sa a da mai niyyar Haji yakan raba gadonsa, ya nemi gafarar dangi, a yi sallama irin ta wanda ba a sa ran komowarsa.

Da yawa kuwa ba su komo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau yake ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, dubban masu niyyar Haji suka tsaya ƙwadago a can, wasu suka tara abin da suke nema suka wuce, wasu suka haifi 'ya'ya da jikoki suna cewa suna kan hanya. Hausawan Sudan na yau, waɗanda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya rutsa da su tare da maƙwabtansu, mafi yawansu zuriyar wannan doguwar tafiya ce.

Abin mamaki, jirgin sama ma da ya zo, sawun waɗannan matafiya ya bi. Jiragen farko da suka sauka Kano, a farkon Nuwamban 1925, guda uku ne na sojan saman Ingila a ƙarƙashin Arthur Coningham, sun taso daga Helwan ta Masar, suka yi kimanin kwana shida suna yada zango a garuruwan Sudan da Chadi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano ta waɗannan zanguna, a Yaƙin Duniya na Biyu kuma dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta Gana suka bi ta Kano da Maiduguri da Fashir zuwa Masar. Jiragen wancan zamani ba su iya dogon zango ba tare da shan mai ba, don haka su ma, a nasu salon, rijiya suke bi.

Bayan yaƙi ne attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai a 1948, aka soma da motoci, sannan aka koma ga jiragen sama. Cikin rayuwar mutum ɗaya, tafiyar shekaru ta koma ta watanni, ta watanni ta koma ta kwanaki, har ta zama ta tsakanin Isha da Asuba.

Me ya sa huɗu da rabi?

Babban jirgin fasinja, in ya daidaita a sama, a tsayin kilomita goma zuwa goma sha biyu, yana cin kimanin kilomita 850 zuwa 900 a sa'a. In aka raba 3,400 da wannan, sa'a huɗu za a samu ko ƙasa da haka kaɗan. Sauran rabin sa'ar tana tafiya ne a hawa da sauka, inda gudu yake raguwa, da kuma karkace-karkacen hanya, domin sararin sama ma yana da titunansa, waɗanda aka shata daga wata alama zuwa wata, kuma ba a yarda matuƙi ya bi son ransa ba. Jirgin yana fita daga hannun masu kula da sararin Najeriya, wanda a taswirar matuƙa duka ake kiransa da sunan Kano, sai a miƙa shi ga na N'Djamena, su kuma su miƙa shi gaba, kowa yana ba shi tsayin da zai bi da ƙofar da zai fita.

Lokacin da ake rubutawa a tikiti kuma ya fi wannan, saboda kamfanoni suna ƙirgawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga wurin da ya ɗauki mutane har sa'ar da ya tsaya cik a ɗaya ɓangaren, da jerin gwanon jiran titi da komai. A kwanakin Haji, lokacin da jirage daga Indonesiya da Pakistan da Turkiyya da Afirka suke kwarara Jidda dare da rana, ba abin mamaki ba ne a ce wa matuƙi ya yi ta kewaya a sama har layi ya zo kansa.

Sai iska. Jirgi a cikin iska yake iyo, saboda haka in tana tafiya inda ya nufa sai ta ƙara masa sauri, in ta tare shi sai ta rage. A can ƙololuwa, lokacin hunturu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a saman Sahara da Masar da arewacin Hijaz, wadda takan taimaki mai zuwa ta wahalar da mai komowa. Da damina kuwa al'amarin yakan juye a wannan yanki, domin wata iskar takan taso daga wajen Indiya ta nufo yamma ta saman Sudan da Chadi. Tun da watan Haji yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, alhajin da ya je cikin sanyi da wanda ya je cikin damina za su iya yin musu a kan wace tafiya ta fi tsawo, zuwa ko komowa, kowannensu kuma yana da hujja. Bambancin dai na mintoci ne, bai kai a tada jijiyar wuya ba.

Zafi ma yana da nasa hukunci. Iskar rana tsaka a bazara ba ta da kauri, jirgi mai nauyi yana buƙatar doguwar tsere kafin ya ɗaga, shi ya sa masu tsara jigila suka fi son dare da sanyin asuba. Hazon hunturu kuwa, wanda yakan rufe Kano har a kasa ganin ƙarshen titin jirgi, ya sha tilasta wa jirage su karkata zuwa wani gari, kuma saboda irin haka ne doka ta wajabta wa kowane jirgi ya ɗauki man da zai kai shi filin ko-ta-kwana, da ƙari a kai.

Agogon da ke ruɗa mutane

Akwai wani ruɗani da ba shi da alaƙa da jirgi ko kaɗan. Rana tana ratsa daraja goma sha biyar a kowace sa'a, tsakanin Kano da Jidda kuwa daraja talatin ne da ɗoriya, don haka agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da sa'a biyu. Wanda ya tashi Kano ƙarfe goma na dare, ya yi huɗu da rabi a sama, zai sauka agogon hannunsa yana cewa biyu da rabi, na bango yana cewa huɗu da rabi, ladan kuma yana shirin kiran Asuba.

Tikiti yana rubuta kowane lokaci da agogon garinsa. Mai karanta shi ba tare da lura ba zai ɗauka zuwa sa'a shida da rabi ne, komowa biyu da rabi, har ya kafa hujja da cewa hanyar gida gangara ce. An sha jin wannan magana a majalisa, kuma ba a cika samun mai ƙarfin halin gyara wa Alhaji ba.

Shekarar da hanya ta toshe

Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944, dokar duniya ta tabbatar wa kowace ƙasa mulkin sararin da ke bisa kanta. Jirgin waje ba ya ratsawa sai da izini, yana kuma biyan kuɗin ratsawa, ƙasar kuwa ita ke da alhakin yi masa jagora. Ran 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF, filin jirgin birnin ya zama fagen daga, aka ƙone jirage a ƙasa, aka rufe sararin Sudan, saura 'yan makonni a soma jigilar alhazan Najeriya. Abin ya ƙara tsanani da yake a lokacin daga Hartum ake kula da manyan hanyoyin saman Sudan ta Kudu ma.

Sai ya zama dole a yi zagaye, ko dai ta kudu, a bi saman Kamaru da Afirka ta Tsakiya a ɓullo ta Habasha, ko ta arewa a nemi Masar, alhali sararin Libiya ma ba kowane kamfani ne yake yarda ya shiga ba. Tafiyar ta ƙaru da wajen sa'a biyu. Kamfanonin da aka ba jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, bayan an riga an sanar da kuɗin Haji kuma mutane sun biya, aka yi ta kai-komo tsakaninsu da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, daga bisani wani kaso na nauyin ya sauka a kan guzurin maniyyata.

Kowane ɓangare yana da abin faɗa. Masu jirage suna cewa jirgi irin Boeing 747 yana shan kimanin tan goma na mai a sa'a, kuma jigilar Haji ba kamar sauran jigila ba ce, domin jirgi yana tafiya cike ya komo wayam, in an zo kwaso mutane kuma ya tafi wayam ya komo cike, ke nan kowace kujera tana biyan tafiya huɗu. In aka ƙara sa'a biyu a kowace, an ƙara takwas. Ban da wannan, doka ta ƙayyade sa'o'in da matuƙi zai yi yana aiki, kuma jirgin da a da yake iya sawu biyu a yini yanzu da ƙyar yake yin ɗaya da rabi. Maniyyata kuma suna cewa su manoma ne da 'yan tireda da suka shekara suna tari, wani ya sayar da shanu wani ya jinginar da gona, an yanka musu farashi sun cika, ba su ga dalilin da zai sa ciniki ya tashi bayan an shafa fatiha ba.

A ganina dukansu suna da gaskiya, kuskuren yana ga yarjejeniyar da ba ta tanadi abin da za a yi in hanya ta toshe ba, alhali duk mai duban taswirar wannan yanki ya san toshewar ba abu ne mai nisa ba. Ba a ma rufa wata huɗu ba sai ga Nijar ta rufe nata sararin a watan Agusta, bayan juyin mulkin ƙarshen Yuli, jiragen da ke tsakanin Najeriya da Turai su ma suka shiga zagaye.

Masu yada zango

Ɗan kasuwar da ya ce yini guda yake yi kuwa, labarinsa dabam ne. Ba kullum ake samun jirgin da zai tashi daga Kano ya dire Jidda kai tsaye ba, in an samu ma wani lokaci ya fi tsada, saboda haka masu Umra da 'yan jirgin yawo sukan bi ta Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha. Daga Kano zuwa Addis Ababa kaɗai kimanin kilomita 3,300 ne, watau kusan duk tsawon tafiyar Jidda, sannan a ƙara wasu 1,400 zuwa arewa. Ta Alƙahira jimlar takan kama wajen 4,300. Wanda ya bi ta Doha kuwa sai ya tsallake Jazirar Larabawa baki ɗaya, sannan ya juyo baya.

Amma ba ƙarin kilomita ne yake cinye yinin ba, zaman jira ne. Kamfanonin nan suna tara fasinjoji daga garuruwa da yawa a cibiyarsu kafin su rarraba su, kuma da haka ne suke iya sauƙaƙa farashi. Mai tikitin yana biyan ragowar da sa'o'insa a kan kujerar ƙarfe. Ga matashi mai neman rangwame wannan ciniki ne mai kyau. Ga tsohuwa mai ciwon ƙafa wadda ba ta jin harshen kowa a wurin, ya kamata 'ya'yanta su sake lissafi kafin su biya.

Tambayoyin da aka kai gaban malamai

Saurin jirgi ya jawo mas'aloli waɗanda littattafan da ake karantawa a zaure ba su zo da su a fili ba, ko da yake ƙa'idojinsu suna nan. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, masafar ƙasaru barid huɗu ce, watau mil 48, abin da ya ɗara kilomita 80 kaɗan, tafiyar yini biyu ga raƙumi mai kaya. Jirgi yana shafe wannan cikin minti shida. Malamai suka tsaya a kan cewa hukuncin yana rataye da masafa, ba da gajiya ba, don haka mai tafiya a jirgi matafiyi ne cikakke. Mai azumi kuma ba ya buɗe baki da agogon garin da ya baro ko na wanda ya nufa, sai ya ga faɗuwar rana daga inda yake. Mai nufar gabas yininsa yakan gajarta, mai komowa yamma nasa ya tsawaita.

Wadda ta fi wuya ita ce ta miƙati. Miƙatin mutanen Masar da Sham da Magrib shi ne Juhfa, kusa da garin Rabig a arewacin Jidda, na mutanen Yaman kuma Yalamlam a kudu. Mafi yawan malamai suna ganin wanda ya zo ta sama yana nufin Makka wajibi ne ya ɗaura niyya sa'ad da jirgi ya yi daura da miƙati, kada ya bari sai ya sauka. Wasu kuma sun yi sauƙi, suka ce Jidda ta isar wa wanda ya ɓullo daga yamma ta kan teku. Da yake jirgi yana cin wajen kilomita goma sha huɗu a minti ɗaya, wanda ya ce sai an yi sanarwa zai shiga ban-ɗaki ya sauya tufa, kafin layi ya zo kansa an wuce wurin. Shi ya sa malaman bita suke horon maniyyata su yi wanka su ɗaura harami tun daga sansani, ya rage niyya da talbiya kawai. Sauke mafi yawan alhazan Najeriya a Madina da ake yi a shekarun nan ya rage wannan damuwa, tun da daga can za su ɗauki harami a Zul Hulaifa, ƙafafunsu a ƙasa.

Sa'o'in da ba a rubutawa

In an tambayi wanda ya komo abin da ya fi gajiyar da shi, da wuya ya ambaci zaman cikin jirgi. Zai ambaci kiran da aka yi musu zuwa sansani tun da hantsi jirgi bai zo ba sai washegari, da layin awon kaya, da layin duba fasfo, da zaman da aka yi a ƙarƙashin manyan rumfunan tashar alhazai ta Jidda, waɗanda aka gina da siffar tantuna fiye da 200, kafin a kammala bincike a hau mota. Daga can zuwa Makka tafiyar kimanin kilomita 100 ce, zuwa Madina kuwa fiye da 400, kuma ko da yake jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini ya fara aiki tun 2018, yawancin alhazan jihohi har yanzu a motocin safa ake ɗibarsu.

Lissafin da ke bayan wannan jira ba ɓoyayye ba ne. Kujerun da Saudiyya ta ware wa Najeriya a 2023 sun kai 95,000. In kowane jirgi zai ɗauki mutum 450, ana bukatar sawu fiye da 200 a zuwa, da wasu kamarsu a komowa, da 'yan jirage ƙalilan, daga filaye fiye da goma, kuma kowane sawu sai hukumar Saudiyya ta ba shi sa'ar sauka da ta tashi. Jirgi ɗaya in ya makara saboda biza ba ta fito ba, ko wata jiha ba ta tara mutanenta ba, ko wani ƙarfe ya lalace, ya rasa gurbinsa, duk na bayansa sai su gusa.

A komowa abin ya fi tsanani, domin duniya duka tana son fita ta ƙofa ɗaya a mako ɗaya, ga kaya sun ninka, ga guzuri ya ƙare. Ƙa'idar da ake bi ita ce wanda ya riga zuwa shi ke riga komowa, saboda haka alhajin sahun ƙarshe yakan yi makonni a Makka bayan an sauko daga Mina yana jiran a kira jiharsa. Malaman bita da jami'an jihohi za su kyauta in suka riƙa faɗa wa maniyyaci wannan tun yana gida, da adadin kwanakin da ake tsammani a kowane mataki, domin ya san yawan maganin hawan jini da zai ɗauka da yadda zai raba riyal ɗinsa.